Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Metallica: Ku Sake Haɗa Sautin Justice Da Death Magnetic

Zuwa ga James Hetfield, Lars Ulrich, Kirk Hammett da Robert Trujillo, tare da ma'aikatan kamfaninku na Blackened Recordings.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Bayan haka, mu masu sana'ar ɗaukar sauti da haɗa shi ne a situdiyo, kuma buƙata guda ce ta sa muka rubuto muku, ku 'yan ƙungiyar kiɗan metal ta Metallica. A cikin kundin waƙoƙi goma sha ɗaya da kuka yi a situdiyo tun daga 1983, akwai biyu da aka kaɗa su da kyau, aka ɗauke su da kyau, sai aka zo kan teburin haɗi aka yi musu lahani. Na farko shi ne ...And Justice for All na 1988, wanda aka binne jitar bes, wato jita mai kaurin sauti, a cikinsa. Na biyu Death Magnetic na 2008, wanda aka matse sautinsa har ya fashe. A 2028 na farkon zai cika shekara 40, na biyun kuma 20. Roƙonmu shi ne ku koma kan ainihin layukan da aka ɗauka, inda kowane kayan kiɗa ke da nasa layin daban, ku sake haɗa su, ku fitar da sabon haɗin a gefen tsohon, kowa ya ɗauki wanda yake so.

Ku muka dosa kai tsaye domin babu wanda za ku nemi izininsa. A watan Afrilun 2000 kun kai kamfanin Napster, mai manhajar musayar waƙoƙi ta intanet, kotu, bayan waƙar I Disappear da ba ku gama aikinta ba ta sulale ta fara fita a gidajen rediyo. Lars, mai kaɗa muku ganga, ya ɗauki sunayen masu amfani da manhajar fiye da 300,000 ya kai ofishin kamfanin, a watan Yuli kuma ya zauna gaban kwamitin shari'a na majalisar dattawan Amurka. Kun sha zagi a kan haka, har daga masoyanku na ƙashin ƙugu. Hujjar da kuka tsaya a kanta ita ce mai aiki shi ke da ikon cewa yaushe aikinsa zai fita, kuma a wace siffa. Mun yarda da wannan hujja. A ƙarshen 2012 ainihin tefofinku suka dawo hannunku, kuka kafa Blackened Recordings. A 2023 kuka sayi kaso mafi tsoka na Furnace Record Pressing, masana'antar buga faifan garmaho da ke jihar Bajiniya. Wuƙa da nama suna hannunku, har da tukunyar.

Mu fara da Justice, don a nan aikin ya fi yawa.

Kun san yanayin da aka yi shi fiye da kowa. Mai kaɗa muku jitar bes, Cliff Burton, ya rasu ranar 27 ga Satumba 1986, lokacin da motar da ke ɗauke da ku ta kife kusa da Ljungby a Siwidin, yana da shekara 24. Makonni kaɗan bayan haka Jason Newsted ya baro ƙungiyar Flotsam and Jetsam ya karɓi jitar bes. Duk mai shakkar ko ya iya, ya saurari ƙaramin faifan Garage Days Re-Revisited na 1987, inda bes ɗinsa ke gaba-gaba, da kauri da haƙora. Shekara guda bayan nan, a kundi mai waƙa tara da ya haura minti 65, da ƙyar ake jin motsinsa. An ɗauki kundin a situdiyon One on One da ke Los Anjalis ƙarƙashin Flemming Rasmussen, wanda ya yi muku Ride the Lightning da Master of Puppets a Kofanhagen. Jason ya kaɗa nasa layukan tare da mataimakin injiniya Toby Wright. Haɗin kuwa Steve Thompson da Michael Barbiero suka yi shi a Bearsville, jihar Niyok, kuma Rasmussen ba ya wurin. Thompson ya bayyana daga baya cewa Lars ya sa an sauke bes har inda da ƙyar ake jin sa, sannan ya ce a ƙara sauke shi desibel biyar, a ma'aunin ƙarfin sauti. Desibel biyar a kan tebur kusan raba tsawon igiyar sauti biyu ne. Abin da dama yake bakin ɓacewa, aka sake rage masa rabi.

Amma in aka ce maɓallin bes kaɗai aka ja ƙasa, ba a faɗi labarin duka ba, kuma duk wanda ya je gyara da wannan tunanin zai ɓata aikin. Abu uku ne suka haɗu.

Igiyar ƙasa ta jitar bes tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, wato hatz 41. Ta jita mai igiya shida tana hatz 82, ninki biyu daidai. Jason yakan bi sawun jitar James ƙafa da ƙafa a wannan kundi, inda James ya taka nan yake takawa. Saboda haka amsa-amon farko na kowace igiyar bes yana faɗawa daidai kan tushen sautin jita. Idan sauti biyu suka zauna a gurbi ɗaya, mai ƙarfin yana haɗiye mai raunin, kunne ya ji guda ɗaya. Sannan sautin jitar James kansa: amfilifayar Mesa/Boogie Mark IIC+ tana da maɓallan gyaran sauti biyar, a hatz 80, 240, 750, 2,200 da 6,600. Salon kiɗan metal na wancan zamani shi ne a ɗaga gefe da gefe a kwashe tsakiya, maɓallin 750 ya sauka ƙasa. Idan aka jera irin wannan jita layi a kan layi, hagu da dama, sai ta cika wurin nan na hatz 80 zuwa 200, wanda a ƙa'ida gidan bes ne. Na uku babbar gangar ƙafa. An bushe ta, an ƙara mata ƙas-ƙas a sama, domin kowane bugu ya fito a fili a wuraren da ƙafa biyu ke gudu. Ita ma sai da aka share mata hanya, kuma bes ne ya biya kuɗin.

Ku da kanku kun ba da wani dalili da muke ɗauka da muhimmanci. Kun ce a lokacin haɗin kuna tsakiyar rangadin Monsters of Rock tare da ƙungiyar Van Halen, kuna sauka daga dandali ku hau jirgi zuwa situdiyo, kunnuwanku a gajiye. Wannan abu ne sananne a sana'armu. Ƙa'idar kare ji ita ce awa takwas a desibel 85, kuma duk ƙarin desibel uku yana raba lokacin biyu. Dandalin wasa yana haura desibel 100, inda iyakar ba ta wuce minti goma sha biyar ba. Bayan dare irin wannan, jin mutum yakan dushe na ɗan lokaci, musamman tsakanin hatz 3,000 da 6,000. Wanda ya zauna kan tebur a wannan hali komai zai ji shi a lulluɓe, sai ya yi ta ƙara sama yana rage ƙasa. Washegari ya sake. Haka ake samun kundi mai kaifi kamar reza amma ba shi da gindin zama.

A 2018 kun fitar da bugun cika shekara 30, an sake masa mastarin, wato gogewar ƙarshe, ba a taɓa haɗin ba. Mutane da yawa sun saya da tsammanin jin Jason, ba su ji shi ba, kuma ba laifin wanda ya yi mastarin ba ne. Shi layi biyu kawai ake miƙa masa, hagu da dama, komai ya riga ya cakuɗe. Idan ya ɗaga hatz 100 don ya nemo bes, gindin jita da gangar ƙafa ne za su taso, domin su ne a wurin. Gishirin da ya narke a miya ba a tsamo shi da ludayi. Sai an koma kan kayan miyar.

Kayan miyar nan tef ne mai faɗin inci biyu, mai layi 24, kuma tef ba ya jiran kowa. Tefofi da yawa na shekarun 1970 da 1980 suna da ciwo guda: ƙaron da ke riƙe garin maganaɗisu a jikin leda yana shan danshin iska, ya yi laushi, ya koma danƙo. Idan aka ɗora irinsa kan inji haka nan, zai yi ƙara kamar ƙofar da ba mai, ya bar baƙin kaki a kan kawunan injin, kuma abin da ya goge ya tafi ke nan har abada. Maganinsa gashi. Ana sa nadin a cikin tanda ta ɗakin gwaji mai riƙe zafi daidai, tsakanin digiri 50 da 55 a ma'aunin salshiyos, na awanni masu yawa, mai inci biyu yakan kwana a ciki. Sai a bar shi ya huce a hankali kwana guda. Tandar girki ba ta yin wannan aiki, domin zafinta hawa da sauka yake yi, kuma ledar tana lanƙwashewa. Bayan gashin akwai 'yan makonni kawai na kwafa kafin danshi ya dawo.

Justice yana da ƙarin matsala tasa. Layukan ganga an yanke su da reza an liƙa a wurare masu ɗimbin yawa, don a tattara mafi kyawun kowane ɗauka. Thompson ma ya nuna fargabar cewa yawan yankan zai iya sa tefofin su wargaje. Fargabar tana da tushe: salatif ɗin liƙi yakan bushe ya saki, ko ƙaronsa ya tsattsafo ya manne da nadin da ke kusa, kuma zafin gashi yana ƙara tsananta wannan. Hanyar ita ce a warware nadin da hannu a hankali, a duba kowane liƙi, a cire tsohon salatif, a goge wurin, a sa sabo. Aikin kwanaki ne a kan nadi ɗaya, kuma ba a ba wa mai gaggawa. Daga nan a daidaita injin da sautukan gwaji da ake ajiyewa a farkon nadi, galibi a hatz 1,000, 10,000 da 100, a gyara karkatar kan injin, domin in ya kauce ko da kaɗan ne saman sautin faranti, wato ƙarafan da mai ganga ke bugawa, yakan dushe. Idan an yi amfani da na'urar rage shuu ta Dolby wajen ɗauka, dole a warware ta da irin wadda aka ɗaure da ita. Idan inji biyu aka haɗa don samun ƙarin layuka, layin agogon da ke ɗaure su shi ma a kwafe shi. A kwafa a bit 24, a ƙalla kilohatz 96, a wucewa ɗaya, a ajiye kwafi uku a wurare uku. Gobarar da ta cinye rumbun tefofi a harabar Universal Studios a watan Yunin 2008 ta ishi kowane mai tef darasi.

Muna da dalilin kyautata zato. Waƙoƙin Blackened da ...And Justice for All sun fito a wasan kwamfuta na Rock Band, One da Dyers Eve da The Shortest Straw kuma a Guitar Hero: Metallica na 2009. Waɗannan wasanni ba sa aiki sai an ba su kowane kayan kiɗa a layinsa daban. Ke nan aƙalla waƙa biyar cikin tara an taɓa buɗe layukansu. Daga nan ne masoya suka samo abin da suka yi nasu haɗe-haɗen da ke yawo a intanet da sunan ...And Justice for Jason. Rasmussen ya sha faɗa cewa abin da Jason ya kaɗa yana da kyau ƙwarai, kuma wanda ya ji waɗannan layuka zai gaskata shi.

Haɗe-haɗen masoyan suna kuma nuna abin da bai kamata a yi ba. Yawancinsu tura bes kawai suka yi sama, sai kundin ya koma gumi da caɓi, kaifin da aka san shi da shi ya tafi. Ga yadda muke ganin ya dace a bi.

Kafin a canza komai, injiniya ya fara sake gina haɗin 1988 daga layukan, yana kwatantawa da faifan asali a ƙarfi ɗaya, har sai an kasa bambance su. Wannan shi ne ma'auni, kuma mataki ne da masu sake haɗi suke yawan tsallakewa, shi ya sa aikinsu kan fito kamar wani kundi dabam. Bayan an samu ma'aunin, sai a yi wa bes ɗaki. A yanke abin da ke ƙasa da hatz 90 zuwa 100 a jikin jitoci, a rage desibel biyu ko uku tsakanin 100 da 200. In aka saurari jitar ita kaɗai za a ji kamar ta rame, amma da bes ya shigo nauyin zai dawo fiye da na da. Idan an ɗauki bes ta hanya biyu, ta waya kai tsaye da ta makirufo a gaban lasifika, a daidaita lokacinsu tukuna. Sauti yana cin santimita 34 a cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, kuma wannan ɗan jinkiri ya isa ya sa layukan biyu su riƙa cinye juna a wasu gurabe, a yi ta ƙara ƙarfi ba a jin ƙari. Sannan a raba bes gida biyu. Na ƙasa da hatz 200 a matse shi daidai gwargwado, kamar huɗu bisa ɗaya, a ajiye shi a tsakiya cak, don ya zauna daram. Na sama, tsakanin 700 da 1,200, a ɗaga shi a ɗan ƙona shi kaɗan. Jason da tsinken kaɗa jita yake bugawa, kuma ƙarar tsinken a nan take. Abin daɗin shi ne wannan shi ne ramin da aka haƙa a tsakiyar jitar James, wurin yana nan babu kowa tun 1988. A nan za a ji Jason ba tare da an ture kowa ba. A wuraren gudun ƙafa biyu, irin na ƙarshen One da na Dyers Eve, a sa bes ya riƙa dusawa desibel ɗaya ko biyu a duk bugun gangar ƙafa, ya dawo nan take. Fiye da haka za a ji yana numfashi.

Bushewar ganguna kuwa a bar ta yadda take. Ita ce fuskar kundin. Kada a sauya sautin ganga da na kwamfuta, kada a ja bugu zuwa kan layin agogo, kada a gyara muryar James da manhaja.

Death Magnetic ciwonsa daban ne, kuma gyaransa ya fi sauƙi. Rick Rubin ne ya jagoranci aikin, Greg Fidelman da Andrew Scheps suka yi haɗi, Ted Jensen na Sterling Sound ya yi mastarin. Ya fito ranar 12 ga Satumba 2008, kuma waƙoƙinsa goma sun faranta ran mutanen da suka daɗe suna jiran ku koma salon farko. Sai dai tun a kwanakin farko masu saye suka fara tambayar ko lasifikarsu ce ta yage.

Faifan CD yana da rufi. Lambobin bit 16 suna ba da fili na kusan desibel 96 daga shiru zuwa ƙololuwa, kuma ƙololuwar, wato sifili, ba a wuce ta. Idan aka tura sauti ya buga rufin, kan igiyar yakan yanke ya zama shafaffe, kamar a cika mudu ya yi tozo sannan a sa hannu a share tozon. Abin da aka share shi ne farkon bugun ganga, ɗan lokacin nan da sanda ke sauka kan fata, wanda shi ke sa mai sauraro ya ji bugun a ƙirjinsa. Kuma kowane shafaffen kai yana haifar da sababbin sautuka masu kaushi waɗanda ba wanda ya kaɗa su. Su ne ƙar-ƙar ɗin da ake ji a kan ƙaramar ganga da faranti. A saurari The Day That Never Comes: farkonta a natse yake, an tsara ta ne don ta yi ta hawa har ta fashe a ƙarshe, amma tun kafin a kai tsakiya ta riga ta manne da rufi, ba sauran wurin hawa.

Jensen ya ce haɗin ya iso hannunsa a matse tun daga situdiyo, kuma ba ya alfahari da sakamakon. Shaidar ta zo daga inda ba a zata ba. A daidai lokacin fitowar kundin an saki waƙoƙin a wasan Guitar Hero III, daga layukan da ba su bi ta matsin ƙarshe ba. Injiniyan mastarin Ian Shepherd na Ingila ya auna su biyun, ya samu na CD ya fi ƙara da kusan desibel 10, wanda a kunne kamar ninki biyu ne. Dubban masoya suka sa hannu a takardar koke suna neman a sake haɗi. Lars ya amsa cewa yana jin faifan a motarsa kuma yana yi masa daɗi. Ba mu musa masa ba. A cikin mota rugugin inji da na taya suna rufe sassan da ba su da ƙarfi, don haka matsattsen sauti yakan yi kamar ya fi. A abin sawa a kunne, cikin ɗaki shiru, minti 75 na wannan kaushi yana gajiyar da mutum kafin ya kai rabi.

A 2008 akwai abin da ake nema da wannan ƙara: waƙarka ta fi ta maƙwabcinka amo a rediyo ko a na'urar aljihu. Yau wannan riba ta ƙare. Spotify yana daidaita waƙoƙi zuwa 14 ƙasa da sifili a awon LUFS, wato ma'aunin ƙarar waƙa kamar yadda kunne ke jin ta, YouTube ma kusan haka, Apple Music wajen 16. Waƙar da aka matse ta kai 6 ƙasa da sifili, rage ta za a yi da desibel takwas. Sai ta zauna kusa da Master of Puppets a ƙarfi ɗaya, waccan da bugunta cikakke, wannan da shafaffen kai. An yi asarar bugun, ba a samu ƙarar ba. Mun san an sake goge kundin don shagunan intanet a 2015 kuma zafin ya ragu. Amma duk gyaran da ya taso daga layi biyun da aka riga aka matse, ƙarfin kawai zai iya saukewa. Manhajojin da ke ƙoƙarin mayar da kan igiya zato suke yi, suna zana abin da suke tsammanin yana wurin.

Abin yi a nan a bayyane yake. A buɗe layukan asali, a bar gyaran sautin kowane kaya da matsayinsa yadda Fidelman da Scheps suka tsara, a cire matsin da ke kan babbar mashigar da komai ke bi ta cikinta. A duba kowane rukuni daban, musamman na ganguna, domin wani lokaci fashewar tana faruwa tun a can kafin a iso mashigar. A bar wa mai mastarin sarari na desibel shida. Kundi irin wannan zai zauna lafiya tsakanin LUFS 9 da 11 ƙasa da sifili, da nauyinsa da zafinsa. Ƙololuwar gaske kada ta wuce desibel ɗaya ƙasa da rufi, domin idan aka mayar da fayil MP3 ko AAC igiyar takan ɗan ƙara tsawo, kuma wanda ya manne da rufi yana sake fashewa a karo na biyu. Masu haɗin su yi aiki a ƙarfin da bai wuce desibel 80 zuwa 83 ba, su huta duk bayan awa guda, kuma kada a sa hannu a kan haɗin ƙarshe a makon da aka hau dandali.

Akwai dalilin da ya sa wannan ya dame mu musamman. A wurarenmu, daga Kano zuwa Damagaram, yawancin masu sauraro a waya suke jin kiɗa, ko a ƙaramar lasifikar bulutut, kuma fayil ɗin ya bi hannu da yawa an rage nauyinsa kafin ya iso. Lasifikar waya ba ta fitar da hatz 41 ko 82 sam. Abin da ke sa a ji bes a cikinta shi ne amsa-amon tsakiyar nan na 700 zuwa sama, wanda babu shi a Justice. Kaushin Death Magnetic kuwa yana zaune daidai inda ƙaramar lasifika ta fi tsawa. Yaron da ya fara jin sunanku a 2022, lokacin da waƙarku Master of Puppets ta sake tashe, in ya bi sawu zuwa waɗannan kundaye biyu a wayarsa, mafi munin siffarsu yake tararwa. Don haka duk sabon haɗi a gwada shi a waya da mota da lasifika guda ɗaya kafin a sallame shi.

Ba mu sa St. Anger na 2003 a wannan roƙo ba, ko da yake ƙarar ƙaramar gangarsa ta fi komai shan suka. Lars ya saki wayoyin da ke ƙarƙashin gangar da gangan, ya so amon ƙarfen, kuka kuma zaɓi ku bar kundin ba tare da kiɗan jita na kaɗaici ba. Haka aka kaɗa shi a ɗakin, haka aka ɗauka. Mai so ya so, mai ƙi ya ƙi. A Justice da Death Magnetic kuwa akwai abin da makaɗa suka kaɗa, yana kwance a kan layukan, mai sauraro bai taɓa samun sa ba.

Mun ji amsar da James ya bayar lokacin bugun 2018, cewa kowane kundi hoton zamaninsa ne kuma ba a komawa a sake fentin tarihi. Akwai gaskiya a ciki, kuma a cikinku akwai wanda ya ga illar yin hakan da idonsa. A 2002 an sake fitar da Blizzard of Ozz da Diary of a Madman na Ozzy Osbourne bayan an cire bes ɗin Bob Daisley da gangar Lee Kerslake, aka sa Robert ɗinku da Mike Bordin suka sake kaɗawa, ana tsakiyar rikicin kuɗi da tsofaffin makaɗan. Masoya ba su karɓa ba, a 2011 aka mayar da na asali. Abin da ya ɓata wancan aiki shi ne an goge hannun mutane, kuma an janye tsohon daga kasuwa. Misalin da muke so ku duba shi ne na ƙungiyar Rush ta Kanada. Kundinsu Vapor Trails na 2002 ya fito da ciwo irin na Death Magnetic. Suka amsa cewa haka ne, suka ba David Bottrill layukan, sabon haɗin ya fito a 2013 ba tare da an sake kaɗa ko igiya ɗaya ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Jason ya yi shekara goma sha huɗu tare da ku kafin ya tafi a Janairun 2001, kuma kun tsaya dandali ɗaya da shi a 2009 ranar da aka shigar da ku Rock and Roll Hall of Fame, zauren karrama fitattun makaɗa. Ya nuna a hirarraki cewa ya daɗe da haƙura da zancen Justice. Haƙurinsa nasa ne, amma aikin da ya yi yana nan a kan tef, kuma ya cancanci a ji shi. Ku gayyace shi ya zauna a ɗakin haɗin, shi da Rasmussen da Toby Wright, domin su ne suka san yadda layukan suke tun ranar da aka ɗauke su. A bayan faifan a rubuta sunan wanda ya gasa tef, da wanda ya kwafa, da wanda ya haɗa, da awon ƙarfin da aka tsaya a kai. Bugun garmaho kuma a yanka shi daga sabon haɗin da ba a matse ba, a raba Justice fuska huɗu kamar yadda ya fito tun asali, domin bes yana cin faɗin layin faifai, kuma fuskar da ta haura minti ashirin dole a rage mata ƙasa.

Jerin sake fitar da tsofaffin kundayenku ya taso daga Kill 'Em All a 2016 ya iso Load a 2025, Death Magnetic yana gaba a kan hanya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ko da ba ku yanke shawarar sake haɗin ba tukuna, ku sa a ciro nadin tefofin Justice daga rumbu a bana, a duba liƙe-liƙensu, a gasa waɗanda ke buƙata, a kwafe duka layukan.

Mun gode da sauraro. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Naku,
Wasu masu ɗaukar sauti da haɗa shi.